Tambaya da Amsa: Me ya sa banki ya tsananta mini bincike?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da motoci a Kubwa, Abuja. Tun da aka naɗa yayana kwamishina a jiharmu, bankina ya fara neman takardun da ke nuna inda kuɗina suke fitowa, yanzu kuma ya ce sai na kawo takardar shaidar SCUML. Shin zargina ake yi da wani laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba zarginka ake yi ba, dalilai biyu ne daban suka haɗu a kanka.

Na farko shi ne muƙamin yayanka. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 da ƙa'idojin Babban Bankin Najeriya sun wajabta wa bankuna su rarraba abokan hulɗarsu gwargwadon haɗarin da ke tattare da su, kuma manyan masu riƙe da muƙaman gwamnati, irin su kwamishinoni da alƙalai da hafsoshin soja, suna cikin waɗanda ake tsananta wa bincike, tare da iyalansu da na kusa da su, domin wanda ya wawuri dukiyar jama'a ba kasafai yake ajiye ta da sunansa ba. Shi ya sa ake tambayar asalin dukiyarka, ake sa ido kan shige da ficen asusunka, kuma sai manyan shugabannin bankin sun amince za a ci gaba da hulɗa da kai. A ganina tsarin yana da hujja, ko da yake wasu ma'aikatan banki ba sa yi wa mutane bayani yadda ya kamata.

Na biyu ya fi nauyi, kuma bai shafi yayanka ba ko kaɗan. Doka ta sanya dillalan motoci, da na gidaje da filaye, da masu sayar da zinare, da otal-otal, da akantoci cikin sana'o'in da su kansu ake ɗora musu alhakin sa ido, kuma SCUML, wato sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, shi ne yake yi musu rajista yake kula da su, shi ya sa bankin yake neman takardar shaidarsa. Wato kai ma wajibi ne ka tantance mai saye, ka adana bayanan ciniki na aƙalla shekara 5, ka kuma kai rahoton duk cinikin da ka yi shakkarsa. Karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 daga mutum, ko miliyan 10 daga kamfani, ba ta hanyar banki ba, laifi ne, kuma rarraba kuɗin kashi-kashi don kauce wa wannan iyaka shi ma laifi ne.

An ƙara matsa lamba tun da ƙungiyar FATF, wato ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da halasta kuɗin haram, ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, kuma fitar da ita a Oktoban 2025 ba ta soke ko ɗaya daga cikin waɗannan wajibai ba.

Rajistar SCUML kyauta ce, ta intanet ake yinta, don haka kada ka biya ɗan kamasho. Ka tanadi takardar rajistar kamfaninka ta CAC da lambar harajinka, sannan ka haɗa wa bankin rasiɗan ciniki da takardun kwastam na motocin da ka shigo da su.