Me ya sa bos ɗin katun yake ba yara tausayi?

Tambaya: A fina-finan katun na almara da yarana suke kallo, na lura ana yawan nuna abin da ya jefa bos ɗin cikin mugunta, har yaran su riƙa tausaya masa. Wannan ba zai rikita musu bambancin nagari da mugu ba?

Amsa: Malama, damuwarki tana kan hanya, amma ya kamata mu raba dalili da uzuri, domin fim mai kyau yakan bayyana na farkon ba tare da ya bayar da na biyun ba. A tsohon salon Disney abin a fili yake. Sarauniyar da ke cikin fim ɗin Snow White na 1937 hassadar kyau ce ta ci ta, shi kuwa Scar na The Lion King, 1994, kwaɗayin sarauta ya sa ya kashe ɗan'uwansa Mufasa. Duka biyun son zuciya ne tsantsa, babu abin da zai sa yaro ya yi kokwanto.

Inda maganar ta yi zurfi shi ne Princess Mononoke, wanda Hayao Miyazaki na Japan ya fitar a 1997. Uwargida Eboshi tana mulkin wani gari na masu narka tama, tana sare daji don haƙo ta, tana harbin dabbobin da suke kare shi, daga bisani ma ta fille kan ruhin dajin. Amma ita ce ta fanso mata daga gidajen karuwai ta ba su sana'a da mutunci, ita ce kuma ta karɓi kutaren da kowa ya guje su, ta wanke musu miki, ta sa su ƙera bindigogi. A ganina gwanintar fim ɗin ita ce alherinta da ɓarnarta tushensu ɗaya: ƙarfen da yake ciyar da raunanan mutanenta shi ne yake cinye dajin. Duk da haka ba a wanke ta ba, domin garin ya rushe, ta kuma rasa hannunta guda.

Abin da nake ƙi, kuma ya yawaita, shi ne a liƙa wa mugu labarin maraici a ƙarshen fim, sai a yafe masa kamar waɗanda ya zalunta ba mutane ba ne. Wannan ne yake iya rikita yaro.

Saboda haka idan kun gama kallo, ki tambaye su abin da bos ɗin yake nema, wa ya cutar wajen nemansa, da kuma wace hanya ce ya ƙi bi alhali tana buɗe. Shi dai Mononoke akwai zubar da jini a cikinsa, gara ki ajiye shi sai sun kai shekara 13.