Abin da ya hana ni sa hannu a kan sabuntawar

Ɗana, saƙonka ya shigo tun daren jiya, na bar shi sai da safe don in amsa maka a tsanake. Ka ce: "Maigida, gwaje-gwajen nan duk sun wuce, babu ja ko ɗaya a allo, kurakuran da suka rage a jeri ƙanana ne. Me ya hana ka sa hannu a saki sabuntawar babbar manhajar wayar? Kuma ta yaya ake gane cewa ta nuna?"

Ni ma na taɓa yi wa nawa maigidan wannan tambayar, har da ɗan fushi a muryata, don haka ban ga laifinka ba.

Fara cire wa ranka cewa akwai ranar da jerin kurakurai zai ƙare. Babbar manhajar waya layuka ne miliyoyi, hannaye da yawa suka rubuta su, kuma babu kamfanin da ya taɓa sakin ta ba tare da ya san akwai sauran aibi a ciki ba. Saboda haka ƙirga abin da ya rage ba zai gaya maka komai ba. Kurakurai ɗari irin na launin da ya kauce ko rubutun da ya hau kan ɗan'uwansa ba sa hana ni barci. Guda ɗaya tak yana iya hana ni. Abin da nake tambayar kowane kuskure shi ne: idan ka kama wayar mutum, za mu iya kai mata gyara daga nan inda muke zaune, ko sai ya ɗauke ta ya nemi mai gyara? Muddin wayar tana tashi, mai ita yana iya buɗe ta ya tarar da kayansa, tana hawa intanet, kuma ɓangaren da ke karɓar sabuntawa yana aiki, to ko me ya lalace muna da hanyar komawa mu gyara a mako mai zuwa. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya mutu, mun rufe ƙofa mun bar makullin a ciki.

Dubi abubuwa biyu da suka faru da kamfani ɗaya. Ranar 24 ga Satumban 2014 Apple ya saki iOS 8.0.1, sabuntawar manhajar iPhone, kwanaki kaɗan bayan fitowar iPhone 6. Waɗanda suka ɗora ta a kan iPhone 6 da 6 Plus sai sabis ya ɗauke musu, na'urar karanta zanen yatsa ma ta daina aiki. Cikin kamar awa guda kamfanin ya janye ta, daga baya ya ce wayoyin da abin ya shafa ba su kai 40,000 ba, kuma washegari ya fitar da 8.0.2. Abin kunya ne babba, waya ba kira. Amma wayoyin suna tashi, suna hawa Wi-Fi, don haka gyaran ya same su har gida. A watan Oktoban 2018 kuwa, sabuntawar manhajar agogo ta watchOS 5.1 ta sa wasu agogunan Apple Watch Series 4 suka maƙale a kan tambarin kamfanin, ba gaba ba baya. Mai agogon ba shi da wata dabara a hannunsa, sai dai kamfanin ya karɓa ya gyara ko ya musanya. Na farkon ciwo ne da magani ke iya isa gare shi. Na biyun shi nake nema a cikin jerinka kafin in ɗauki alƙalami.

Ka lura kuma da wani abu: 8.0.1 ɗin nan ita kanta gyara ce. An fitar da ita ne don toshe ramukan iOS 8. Ƙaramin gyaran da aka yi cikin gaggawa ya fi ba ni tsoro a kan babban aikin da aka yi watanni ana tankaɗe da rairaya a kansa, don shi ƙaramin kowa yana raina shi. Shi ya sa idan aka taɓa zubin ƙarshe, wato kwafin manhajar da aka haɗa don saki, ko da layi ɗaya ne, a wurina ya zama sabon zubi, lissafin kwanakin gwaji ya koma farko. Za ka ji wani ya ce "ai harafi biyu kawai na canza". Ka ce masa to, ka sake gwadawa.

Yanzu ga inda aikinka yake da rauni, kuma nan nake so ka fi tsayawa. Na duba wayoyin da ka yi gwajin a kansu. Dukkansu, in ban da guda ɗaya, ka goge su tas kafin ka ɗora sabuntawar. Wa ka sani yana riƙe da irin wannan wayar? Wayar da ke aljihun mutum ta shekara uku ko huɗu tana aiki. An sabunta ta sau da yawa, kowace sabuntawa ta bar nata saura. Hotuna da bidiyo sun cika ta har tana kukan babu wuri. Akwai manhajojin da masu su suka daina kula da su tun tuni, akwai layi biyu, akwai katin ajiya mai ciwo, batirin ya tsufa yana faɗuwa daga kashi 30 zuwa mutuwa ba sallama. Sabuntawa ba ta sauka a fili, cikin wannan cunkoson take sauka, kuma aikinta mafi haɗari shi ne kwashe tsofaffin bayanai ta mayar da su sabon tsari a tashin farko. A wayar da aka goge babu abin kwashewa, don haka wannan ɓangaren gaba ɗaya ba ka gwada shi ba. Allonka ya yi kore ne saboda ba ka yi masa tambayar da zai faɗi ba.

Na koyi wannan da zafi. A wani kamfani da na yi wa aiki ina matashi, mun saki sabuntawar da ke buƙatar ɗan wuri na wucin gadi yayin da take sake tsara ma'ajiyar saƙonni. A teburinmu ko tari ba ta yi ba. A wayoyin da suka kusa cika kuwa, sai kwashewar ta tsaya a tsakiya, wayar ta mutu ta sake tashi, ta sake farawa, ta sake tsayawa, haka har batir ya ƙare. Ni na sa hannu a kan gwajin. Har yau idan na ga waya tana kunna kanta tana kashewa sai gabana ya faɗi. Kuma kada ka ɗauka ƙananan kamfanoni kaɗai abin ke samu. A 2023, da Android 14 ta fito, wasu masu wayar Google Pixel 6 da suka buɗe asusun mai amfani fiye da ɗaya a waya guda sun kasa kaiwa ga ma'ajiyar wayarsu. Tsari ne da ba kowa ke amfani da shi ba, amma idan wayoyi sun kai miliyoyi, "ba kowa ba" ma jama'a ce mai yawa.

Akwai kuma abin da injin gwaji ba ya gani don ba ya sa waya a aljihu. Batir na ciki. Kwana biyu ko uku na farko bayan sabuntawa wayar tana aiki a ɓoye, tana sake jera hotuna da saƙonni don bincike, tana sake shirya manhajoji, sai ta yi ɗumi ta sha caji. Wanda ya auna a ranar farko zai yi ihun ƙarya. Wanda bai jira mako ba kuma ba zai kama ainihin ɓarawon ba, wato abin da ke hana wayar barci da dare. Ka cika ta, ka ajiye ta, ka duba da asuba, dare bakwai a jere. Sabis ma haka yake. A ɗakin gwaji sigina a cike take kullum. A waje mutum yana cikin mota yana magana, wayar tana tsalle daga wannan turken zuwa wancan, tana sauka daga 5G zuwa 4G. Sabuntawar Disamban 2021 ta Pixel 6 a nan ta yi tuntuɓe, kira yana yankewa, har Google ya dakatar da ita sai a Janairun 2022 gyaran ya fito. Kiran gaggawa kuwa ba na karɓar labarinsa daga bakin kowa, sai na ga takardar gwajinsa da idona, da layi a wayar da kuma babu layi.

Lokaci da rubutu ba zan daɗe a kansu ba. Ranar 1 ga Janairun 2011 ƙararrawar iPhone ta ƙi bugawa ga mutane da yawa, a Fabrairun 2018 kuma harafi ɗaya na rubutun Telugu na ƙasar Indiya yana durƙusar da manhajojin saƙo har sai da aka fitar da iOS 11.2.6. Tura agogon wayar gaba, tsallaka da shi sabuwar shekara, canza yankin lokaci, canza harshe.

Na san abin da za ka ce, don kai mai karatu ne: ai tun Android 7.0 a 2016 akwai tsarin ɗaki biyu, ana rubuta sabuwar manhaja a ɗayan ɗakin wayar tana aiki da ɗayan, idan sabuwar ta kasa tashi sai a koma tsohuwar. Gaskiya ne, kuma ya ceci wayoyi da yawa. Amma ka san iyakarsa. Yana ceton wayar da ta kasa tashi ne kawai. Idan ta tashi lafiya sannan ta ɓata bayanan mai ita, bayanan wuri ɗaya suke, ba su da ɗaki na biyu. Ga kuma kariyar da ke hana a mayar da waya tsohon zubi, wadda aka yi don kada ɓarawo ya koma da ita inda ramukan tsaro suke a buɗe. Apple ma yakan daina amincewa da tsohon zubi ba da daɗewa ba bayan sabo ya fito. Kariyar tana da amfani, sai dai ta mayar da sakin sabuntawa zarar bunu. Don haka kada ka yarda da komawa bayan a takarda. Katse wutar ana tsakiyar rubutawa, katse intanet ana tsakiyar saukewa, ka ga ko wayar za ta dawo da kanta.

Ko duk wannan ya wuce, hannun da zan sa ba na kowa da kowa ba ne. Tambayar a wurina kullum ita ce ta isa a bai wa mutum nawa. Kashi ɗaya cikin ɗari tukuna, a jira, sannan a ƙara. Wanda ke ganin wannan tsoro ne ya tuna 19 ga Yulin 2024, ranar da wani fayil da kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura wa kwastomominsa a lokaci guda ya durƙusar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft. Ba waya ba ce, amma gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta. Idan mun saki kashi ɗayan, kada ka zauna kana kallon rahoton kurakurai kana murna ya yi shiru. Wayar da ta mutu ba ta aiko da rahoto. Ƙirga nawa suka sauke sabuntawar, ƙirga nawa suka dawo suka gaishe mu bayan sun sake tashi. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce abin dubawa. Masu gwajin sa-kai ma kada yabonsu ya ruɗe ka, yawancinsu masoya waya ne masu sababbin na'urori, idan abu ya lalace su gyara da kansu ba tare da sun gaya maka ba.

Kada kuma ka fahimce ni a karkace ka zama mutumin da ba ya taɓa cewa e. Jinkiri ma yana da nasa wanda yake cutarwa. Tun bayan ramin tsaron Android da ake kira Stagefright a 2015 Google ya koma fitar da gyaran tsaro duk wata, kuma duk ranar da muka riƙe sabuntawar da ke ɗauke da irin wannan gyaran, mun bar ƙofar mutane a buɗe ga wanda ya riga ya san ramin. Na sha sa hannu a kan zubin da na san kyamararsa tana ɗan jinkirin buɗewa, don abin da yake toshewa ya fi wannan nauyi. Manya za su matsa maka da ranar da suka yi wa duniya alkawari. Ba aikinka ba ne ka yi musu gardama a kan ranar. Ka rubuta musu a fili abin da ka gwada, abin da ba ka gwada ba, da mafi munin abin da zai iya faruwa, su yanke hukunci ido a buɗe.

To ga dalilin da ya sa ban sa hannu jiya ba. A ƙasan jerinka akwai wani rahoto da ka rufe: waya ɗaya ta sake tashi sau biyu bayan ɗora sabuntawar kafin ta zauna, ka rubuta cewa ka sake gwadawa bai maimaita ba. Na duba lambarta. Ita kaɗai ce a teburin da aka manta ba a goge ba, kuma da ka zo sake gwadawar sai ka goge ta tukuna. Sake buɗe rahoton. Ka je ɗakin ajiya ka ɗauko tsofaffin wayoyin nan na cikin akwati, ka mayar da kowacce zubin da jama'a ke riƙe da shi yanzu, ka cika su da hotuna da saƙonni har su fara ƙorafin wuri, biyu daga ciki ka sa musu asusu na biyu. Ka ɗora sabuntawar ta iska yadda za ta je wa mutane, ba ta kebul da kwamfuta ba. Ka kwafe bayanan tashin farko na kowacce kafin ka taɓa komai, ka kawo mini mu karanta tare bayan la'asar.