Fatawa: Harbin macen barewa a Amurka, a farkon kaka ko sai ta ɗauki ciki?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibinka ne daga nesa, ina zaune a jihar Michigan ta Amurka, aiki ne ya kawo ni. Wani abokin aikina bature yanada gona da ɗan daji a bayanta, barewa sun dame shi suna cinye masa masara da waken suya, shine yace in yanki lasisi mu riƙa fita tare. Na yi kwas ɗin da suke sa mutum yayi, na samu lasisin har da na harbin mace wadda bata da ƙaho. Toh Malam anan na tsaya. Idan na fita a watan Oktoba sai inga macen tana tafe da 'ya'yanta biyu a bayanta hannuna ya ƙi, idan kuma nace bari in jira Disamba sai abokin nawa yace ai lokacin duk sun ɗauki ciki. Ni dai na taso ina jin ana cewa maharbi na kirki baya harbin mace. Shin akwai haramci ne? In babu wane lokaci yafi dacewa, kuma yaya hukuncin ɗan tayin da za'a samu a cikinta? Allah ya saka da alheri.

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Amin ɗan'uwa, kaima Allah ya tsare ka a inda kake, ya sa albarka a nema.

Bari in fara cire maka abinda yafi damunka, babu aya ko hadisi da ya ware macen dabbar dawa yace haramun ne a harbe ta. Allah yace a Suratul Ma'ida an halatta mana dabbobin ni'ima, ya hana farauta ga wanda yake cikin harami, sannan yace idan kun kwance harami toh ku yi farauta, bai ce namiji ba bai ce mace ba. Abinda malamanmu na Malikiyya suka duba shine dalilin fitar, Ibn Abi Zaid a Risala yace farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuma halal ce. Kai kuwa nama kake so ga iyalinka, ga kuma manomi da ake yiwa ɓarna a gona, kaga fitarka tana da dalili har biyu. Bindiga ma ba matsala, malaman farko basu santa ba shiyasa babu nassinsu akai, na baya suka yi saɓani, Dasuƙi ya kawo cewa irin su Ibn Gazi da Abdulƙadir al-Fasi sun halatta abinda harsashi ya kashe saboda yana huda jiki ya zubar da jini ya kashe da sauri, kuma akan haka ake aiki.

Maganar da ka taso kana ji kuwa ba shirme bace, hikima ce ta mutanen da dajinsu yake ƙarewa, duk macen da ka kashe ka kashe 'ya'yan baɗi da na shekarar gaba. A wajenmu yau barewa da gada da mariya sai an sha wahala ake ganinsu, abinda ya rage yawanci yana gandun daji irin Yankari inda hukuma ta hana harbi, da wani daga Bauchi ne yayi min wannan tambayar da amsar da zan bashi daban. Amma ku can al'amarin ya juye. Wannan barewar mai farin bindi a farkon shekarun 1900 ta kusa ƙarewa a Amurka, ana ƙiyasta bata wuce 500,000 ba, sai aka kafa dokoki aka hana kasuwancin namanta aka hana taɓa mata, yau ana maganar kusan miliyan 30. A jiharku kaɗai hatsarin mota da barewa yana haura 50,000 a shekara, kudancin jihar kuma babu kyarkecin da zai rage su, macen da ta cika girma yawanci tagwaye take haifa duk shekara, namiji ɗaya kuma ya isa ya barbari mata da yawa, don haka ko an kwashe maza rututu yawan baya raguwa sai an taɓa matan. Shi yasa hukumar DNR, wato hukumar jiharku mai kula da daji da namun dawa, da kanta take sayar da lasisin mace tana roƙon maharba su yi amfani da shi. Hukunci yana tafiya da illarsa, illar da ta sa dattawanmu suka hana can gida itace tsoron ƙarewa, a inda kake babu ita.

Toh saura lokaci, kuma nan ne nake so ka natsu.

Barewarku tana haihuwa ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Ɗan yana fitowa da dabbare-dabbaren fari a jikinsa, yana shan nono, amma cikin 'yan makonni ya fara tsinkar ganye, zuwa wata biyu da rabi ko uku cikinsa ya ƙosa yana tuƙa kamar babba kuma zai iya rayuwa ko babu nono, zuwa Satumba ya zubar da dabbare-dabbaren ya sa gashin hunturu. Ashe waɗannan biyun da kake gani a bayanta a Oktoba 'yan wata huɗu ne zuwa biyar, suna binta ne don sabo da koyon hanya, wani lokaci ma su ɗan kai baki ga hantsar ta ture su. Barewa bata gudu ɗanta yayi rarrafe, ɗan wata biyar in ya zabura kai ko ƙurarsa ba zaka gani ba.

Hadisai biyu ne suke taɓa wannan wajen. Na farko na Abu Dawud daga Ibn Mas'ud, suna cikin tafiya sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata ƙaramar tsuntsuwa guda biyu, uwar tazo tana ta kaɗa fiffike a kansu, Annabi (SAW) ya dawo yace waye ya tayar wa wannan hankali da ɗanta, ku mayar mata da ɗanta. Na biyu a Muslim yake daga Abu Huraira, ranar da yunwa ta fito da Annabi (SAW) da Abubakar da Umar suka sauka gidan wani mutumin Madina, ya ɗauki wuƙa zai yi musu yanka sai Annabi yace masa kul ka yanka mai nono. Malamai sun ɗauki wannan na biyun a matsayin shiryarwa zuwa abinda yafi, saboda kar a yi asarar nonon da gida ke amfana da shi alhali akwai wata dabbar da zata wadatar, babu wanda yace naman mai nono ya zama haram. Idan ka haɗa su biyun abinda zaka fitar shine shari'a bata son a raba uwa da ɗan da rayuwarsa ta rataya akanta, kuma bata son a zaɓi mai shayarwa alhali ga wata. Saboda haka ni abinda nake gani, in kaga mace da ɗa ƙarami wanda har yanzu dabbare-dabbarensa na nan, kuma ana samun haka domin wasu matan musamman ƙanana suna makara sai Yuli ko Agusta suke haihuwa, toh ka sauke bindigarka ka barta ta wuce, ko da takardar hannunka ta baka dama. Namanta ba zai haramta ba in ka harba, amma in ka san ɗan mutuwa zai yi ka jawo mutuwar rai ba tare da wani amfani ba, alhali Nasa'i ya ruwaito cewa ko ɗan tsuntsu mutum ya kashe ba da haƙƙinsa ba sai Allah ya tambaye shi. In kuwa 'ya'yan sun yi gashin hunturu suna kiwo da kansu babu karhanci, tausayin da ya kama hannunka abu ne mai kyau Allah ya ƙara maka, amma kar ka mayar da shi hukunci ka ɗora wa kanka ko wani.

Yanzu Disamba. Abokinka yayi gaskiya, barbararsu tana tsananta ne a Nuwamba, cikin kuma kwana 200 ne ko kusa da haka, don haka duk wanda ya fita a zangon ƙarshe na harbin mata, daga tsakiyar Disamba zuwa shigowar Janairu, ya sa a ransa mafi yawan manyan matan da ciki. Wannan baya haramta ta. Abu Sa'id al-Khudri ya ruwaito cewa sun tambayi Annabi (SAW) suna yanka raƙuma ko saniya ko tunkiya su sami ɗan tayi a ciki, su jefar ko su ci, yace ku ci in kun so domin yankan uwarsa shine yankansa, Abu Dawud da Tirmizi sun fitar da asalinsa. Lura, bai tsawata musu akan yanka mai ciki ba. Inda aka rabu shine shi ɗan tayin, Shafi'i da Ahmad sun ce a ci ko yayi gashi ko bai yi ba, Abu Hanifa yace ba'a ci sai ya fito da rai an yanka shi, Malik kuma ya tsaya a tsakiya yace a ci da sharaɗin halittarsa ta cika gashinsa ya tsiro. Ɗan tayin barewa a ƙarshen Disamba ɗan sati biyar ne ko shida, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, ina maganar gashi, saboda haka a mazhabarmu ba'a cinsa, ka haɗa shi da kayan ciki ka binne ko ka bari a dajin, uwar kuma halal ce tsaf.

Amma in zaɓi kake so daga gare ni, kar ka jira Disamba. Ka fita tsakanin farkon Oktoba da farkon Nuwamba, lokacin 'ya'yan bana sun tsaya da ƙafarsu ita kuma bata riga ta ɗauki na baɗi ba, kaga ka kuɓuta daga duka abubuwa biyun da ke damun zuciyarka a fita ɗaya. Masana dabbobin nasu ma da yawa haka suke ba da shawara, suna cewa bakin da za'a rage gara a rage shi tun abinci na nan don sauran su shiga hunturu da ƙiba. Sai dai fa wannan zangon a jiharku na kwari da baka ne, daga 1 ga Oktoba zuwa 14 ga Nuwamba, bindiga sai 15 zuwa 30 ga Nuwamba, in baka iya baka ba kar ka je kana koyo a jikin mai rai, Annabi (SAW) ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada saiti kuma yace in zaku kashe ku kyautata kisan. Gara ka jira bindiga ko da ta ɗauki cikin kwana goma, akan ka sa mata kibiya a ciki ta kwana tana jan hanji. Kuma ka duba littafin dokokin shekarar da kanka domin suna canza ranaku da yankuna. Bin wannan dokar wajibi ne a kanka, alƙawari ka ɗauka da ka karɓi lasisi, ayar farko ta Ma'ida da tayi maganar farauta da cika alƙawari ta buɗe.

Wani wajen da sabon maharbi yake zamewa, sai yace bari in zaɓi wadda take ita kaɗai ba ɗa a bayanta. Sau da yawa wannan da ya fito fili shi kaɗai ba tsoro ba mace bace, ɗan namiji ne na bana wanda ƙahonsa bai wuce ƙulli biyu a ƙarƙashin fata ba, shi yake riga kowa fitowa saboda wauta. Ka jira su taru ka kwatanta, babbar mace wuyanta dogo fuskarta doguwa tsakar kanta a zagaye jikinta a miƙe, shi kuwa yaron gajeren baki gare shi, kansa a baje, jikinsa a dunƙule, ita tana tsayawa tana juya kunne tana shinshina iska shi kansa na ƙasa yana ci. In ka harba kana zaton mace sai ka tarar yaron ne, naman halal ne, Khalil ya faɗa a Mukhtasar cewa wanda ya nufi dabba yana zaton wani nau'in halal sai ta bayyana wani nau'in halal ne daban ana ci. Amma in harsashin ya fasa ta ya wuce ya kashe wanda ke bayanta da baka nufa ba, wannan a wajen Malikiyya ba'a cinsa sai in ka same shi da rai ka yanka, don haka kar ka harba suna a jere.

Bismillah kuma lokacin danna kunamar bindiga ko sakin kibiya ake yinta, ba sai ka isa kan dabbar ba. In ka manta ana ci a wajenmu, in da gangan ka bari ba'a ci, Hanbaliyya kuma a farauta ko mantuwa basu yafe ba, toh ka saba wa bakinka. Wuƙarka mai kaifi ta kasance a ƙugunka ba a mota ba, ka same ta da sauran rai ka yanka nan take, in ka tsaya neman wuƙa har ta mutu alhali harbin bai sami makasa ba ka yi asara. In duhu ya rufe ta ɓace maka sai da safe ka ganta, Risala ta kawo hanin cin abinda ya kwana, ta kuma kawo ƙaulin cewa in an sami kibiyarka a makasarta babu laifi, kuma hadisin Abu Sa'alaba a Muslim ya ƙarfafi wannan, cewa ko bayan kwana uku ka ci matuƙar bai yi wari ba. Wadda ka tarar ta faɗa rafi ta mutu a ciki kuwa barinta zaka yi, hadisin Adiyyu ɗan Hatim ne, baka sani ba ruwan ne ya kashe ta ko harbinka. Ta abokinka da ya harbe ta mutu kafin ku isa, mashhurin mazhabarmu ba'a cin farautar ma'abocin littafi, sauran mazhabobi uku sun halatta, kai dai mafi sauƙi ka ci taka.

Sai ka kula da wajen masu gyaran nama, da yawansu suna haɗa kitsen alade a niƙaƙƙen naman barewa saboda bashi da maiƙo, wasu kuma suna cakuɗa naman mutane da yawa a niƙa ɗaya, ka gaya musu ƙarara naka shi kaɗai ba ƙari, ko ka feɗe abinka a gida. In yankinku yana cikin inda aka samu cutar nan ta ƙwaƙwalwar barewa da suke kira CWD ka kai kan a gwada kafin a ɗora tukunya, in ya nuna tana da ita kar ku ci, kuma kar ka bayar sadaka.

Wallahu a'alam.