Filin Tambaya da Amsa: Ya Sake Ni, Ya Riƙe Kayana, Yana Neman Raba Ni da Ɗana

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Garin Malam, a nan Damagaram. Shekara tara muna tare da maigidana, Allah ya ba mu 'ya'ya uku, sai ya sake ni saki ɗaya da baki a gaban ƙanensa, bai rubuta ba. Da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da nake kai wa Kasuwar Dole na sayi firji da tumaki biyu, kuma na ba da jika ɗari biyu lokacin da ake rufa ɗakinmu da kwano. Yanzu ya ce in fita da tufafina kawai, babban yaron mai shekara bakwai kuma ba zai bar mini shi ba. Mene ne haƙƙina?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya kawo miki mafita. Har yau Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya, domin yunƙurin da aka yi a 1993 da na 2011 duk sun ci tura saboda adawar ƙungiyoyin addini. Abin da ake aiki da shi shi ne dokar tsarin kotuna ta 2004, wadda aka sabunta a 2018, da ta ce a sha'anin aure da saki da gado alƙali zai bi al'adar masu ƙara, muddin ba ta saɓa wa dokar ƙasa da yarjejeniyoyin da Nijar ta amince da su ba. A Damagaram al'adar nan ta ginu ne a kan fiƙihun Malikiyya, shi ya sa za ki tarar da masana al'ada zaune kusa da alƙali suna ba shi shawara.

Saki ɗaya ba ya fitar da mace daga ɗakinta nan take. Kina da haƙƙin yin idda a gidansa, tsarki uku, kuma ci da sha da tufafinki suna wuyansa har ta cika. Amma kada ki yi sakaci da maganar takarda. Ki nemi ya rubuta sakin, ko ƙanen nasa ya ba da shaida, a kai kotu ta tabbatar, domin macen da ba ta riƙe da takardar saki tana iya wayar gari wata rana tsohon miji ya ce har yanzu da igiyarsa a kanta.

A Musulunci aure ba ya gauraya dukiya. Sadakinki naki ne, tun da ba ke kika nemi hul'i ba (wato mace ta fanshi kanta a sake ta), haka kayan ɗakin da iyayenki suka yi miki, haka firjin da tumakin da kika saya da guminki. Abin da zai ba ki wahala shi ne jika ɗari biyun nan, domin ba za a raba gida biyu a ba ki rabi ba, kuma idan ya ce kyauta kika yi masa, ke za a nemi ki kawo hujjar cewa rance ne. Ki tuna wanda yake wurin ranar da kika ƙirga kuɗin, ki nemi magini ko mai shagon da aka sayi kwanon, ki yi magana da uwar adashi idan daga kwasarki kuɗin suka fito. Abin yana ci mini rai ƙwarai yadda mata da yawa ke asarar guminsu saboda kunyar kafa shaida tsakaninsu da miji.

Maganar yaro kuwa, mutane sun saba cewa da ya kai shekara bakwai sai ya koma wurin uba, amma a mazhabar Malikiyya riƙon namiji yana hannun uwa har ya balaga, na mace kuma har ta tare a gidan miji, sai dai idan uwar ta sake aure ko an ga cutarwa ga yaron. Alƙali yana duba inda yaro zai fi samun kulawa da karatu da lafiya. Ko a hannun wa suke, ciyarwa da sutura da magani da kuɗin makaranta nauyin uba ne gwargwadon samunsa.

Ki fara da waliyyinki da mai unguwa, idan abin ya faskara ku je fadar Sarkin Damagaram, domin doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanci. Duk abin da aka daidaita a rubuta shi, a faɗi adadin kuɗin da zai riƙa bayarwa da ranar biya a kowane wata, kada ki yarda da "zan riƙa aikowa". Idan ya ƙi, ki shigar da ƙara a kotu, kuma in hukuncin bai gamsar da ke ba akwai kotun ɗaukaka ƙara a nan Zinder. Hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, wadda aka kafa a 2011, tana taimaka wa marasa hali da shawarar shari'a kyauta. Ranar da za ki je, ki riƙe takardun haihuwar yaran uku da takardar aure idan an yi ta.