Yaya ɗan tawayen Ayilan ya zama antoni janar a New York?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin shari'a ne. A wata shari'ar Kotun Ƙolin Amurka ta 1824 da muke nazari na ci karo da sunan wani lauya, Thomas Addis Emmet, aka ce ɗan gudun hijira ne daga Ayilan, har ya taɓa zaman kurkuku. Ta yaya irin wannan mutum ya samu shiga har ya riƙe muƙami? Kuma yana da dangantaka da Robert Emmet da aka rataye?

Amsa: Ɗan'uwa, yayan Robert ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma ba za ka gane Thomas ba sai ka fara gane gidan da ya fito.

An haife shi a birnin Cork a 1764. Mahaifinsu, Dokta Robert Emmet, babban likitan gwamnati ne a Dublin, wato gida ne na masu hali, kuma 'yan Furotesta, ɓangaren da mulkin Ingila ya fifita. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa a labarinsu. A lokacin doka ta hana 'yan Katolika, waɗanda su ne mafi yawan mutanen ƙasar, zama a majalisa. 'Ya'yan Emmet ba su cikin waɗanda aka zalunta. Da sun ja bakinsu sun yi shiru, da sun ci sun sha har tsufa.

Thomas likitanci ya fara karantawa a Edinburgh. Da wansa Christopher Temple, lauya mai tashe, ya rasu da ƙuruciyarsa, sai ya ajiye aikin likita ya koma shari'a, ya fara lauyanci a 1790. Bai jima ba ya shiga kare 'yan ƙungiyar United Irishmen a kotu, ƙungiyar da aka kafa a Belfast a 1791 don haɗa kan Katolika da Furotesta su nemi 'yanci. Daga kare su sai ya zama ɗaya daga cikin shugabanninsu. A watan Maris na 1798, ana dab da ɓarkewar tawaye, aka kama shi. Ya zauna a gidan yarin Kilmainham, daga bisani aka kai shi sansanin Fort George a Sikotilan, bai fito ba sai 1802, kuma da sharaɗin ba zai sake taka ƙasarsa ba.

Matarsa Jane Patten, wadda ya aura a 1791, ta cancanci a tsaya a kanta. Ba wanda ya kama ta. Ita ta yi ta naci har aka yarda ta bi mijinta ta zauna tare da shi a tsare, a cikin sanyin arewacin Sikotilan. Masu tarihi kan wuce ta da layi ɗaya, ni kuwa ina ganin ba don ita ba da wuya gidan ya kai Amurka a haɗe.

Sai mutuwa ta shigo gidan a jere. Mahaifin ya rasu a ƙarshen 1802. Ƙaninsa Robert ya tayar da nasa tawayen a Dublin a 1803, bai yi nasara ba, aka rataye shi ranar 20 ga Satumba yana da shekara 25. Mahaifiyarsu ta riga shi da 'yan kwanaki. Thomas yana Faransa a lokacin, yana neman taimakon gwamnatin Napoleon, bai samu komai ba sai alkawari. A 1804 ya kwashi iyalinsa suka nufi New York, yana da shekara 40.

To, ga asalin tambayarka. Abu biyu suka haɗu masa: ya zo da ilminsa a ka, ya kuma tarar da siyasar da ke buƙatarsa. Jam'iyyar Federalist ta Amurka tana kusa da Ingila, tana kallon 'yan tawayen Ayilan a matsayin masu kawo fitina. Rufus King, jakadan Amurka a Landan, shi ya tsaya kai da fata a 1798 cewa kada a bar fursunonin su shigo Amurka, abin da ya tsawaita zamansu a kurkuku. Mutanen Thomas Jefferson kuwa, shugaban Amurka na lokacin kuma abokin hamayyar Federalist, musamman gidan Clinton da ke juya siyasar New York, hannu biyu suka karɓe shi, domin sunan Emmet yana jawo ƙuri'un 'yan Ayilan. Da goyon bayansu aka ba shi izinin lauyanci duk da adawar wasu lauyoyi. Cikin shari'unsa na farko akwai wadda ya tsaya wa wani bawa da ya gudu, kuma wannan ya dace da mutumin da ya san ɗanɗanon tsarewa. A 1807, da King ya tsaya takarar majalisar jiha, Emmet ya fito da wasiƙu a jaridu yana tuna wa jama'a abin da King ya yi wa fursunonin Ayilan. King ya faɗi zaɓen.

Muƙamin antoni janar na jihar New York ya zo a watan Agusta na 1812, amma bai wuce wata shida ba. Da 'yan Federalist suka karɓe ikon naɗa muƙamai a farkon 1813, suka sauke shi. Don haka kada ka auna shi da kujerar, auna shi da aikinsa a gaban alƙali. Shari'ar da kake karantawa, ta Gibbons da Ogden, shi ya tsaya wa Ogden yana kare ikon da New York ta ba wasu mutane su kaɗai na tafiyar da jiragen ruwa masu tururi. Shahararren lauya Daniel Webster ne a ɗaya gefen, yana tsaya wa Gibbons. Emmet ya sha kaye, Alƙalin Alƙalai John Marshall ya yanke cewa kasuwanci tsakanin jihohi hurumin majalisar tarayya ne. Ina ba ka shawara ka karanta hujjojinsa duk da haka, domin daga bakin wanda ya sha kayen ne za ka ga iyakar abin da ɓangaren masu kare ikon jihohi ke da shi.

A watan Nuwamba na 1827 ya yanke jiki ya faɗi a cikin kotu yana tsakiyar shari'a, ya rasu a daren. Ɗansa Robert ya zama alƙali a New York, ɗansa John Patten ya koyar da kimiyya a Jami'ar Virginia. Jikansa mai sunansa ya zama sanannen likitan mata, ya rasu a 1919, kuma kabarinsa yana maƙabartar Glasnevin a Dublin.