Kafin ki sayi ƴar kwalbar nan: amsoshinku kan tataccen man tsirrai

Tun ƙarshen damina saƙonni ke shigo mini kan ƙananan kwalaben nan masu launin ƙasa da ake talla a Watsap, waɗanda aka rubuta wa "huile essentielle". Wata ta kira shi esans, na ce mata a Maraɗi in kika nemi esans, fetur za a ɗura miki. Mu dai kira shi tataccen man tsiro. Na tsamo tambayoyi shida. Waɗanda ba su ga tasu ba su karanta ta farko, galibi amsarsu na ciki.

Tambaya: Tanti, ina wuni. Wata uku ke nan barci yana yi mini gardama. Ƙawata ta ce in nemi man lafanda. Na tambaya wuri uku: mai turare a babbar kasuwa ya ce dala ɗari, wata a Watsap ta ce jaka biyu, a farmasi aka ce jaka shida, kwalbar ma ba ta kai babban yatsana ba. Wa ke cutata a cikinsu? Malamar lakwal, unguwar Zariya.

Amsa: Ɗiyata, mai turaren kasuwa bai cuce ki ba, madara ya ce zai ba ki, kuma madarar ce. Madarar turare haɗin masana'anta ne: a kwaikwayi ƙamshin fure da sinadarai, a narkar a cikin wani mai marar ƙamshi. Don humra, don kaya, don labule, ba ta da laifi, ni ma da ita nake haɗa tawa. Sai dai ba ta taɓa ganin lafanda ba, wato wani tsiro mai shuɗin fure da ƙamshi.

Tataccen mai hanyarsa daban. Ana cusa fure ko ganye a babbar tukunya, tururi ya ratsa su ya ɗebo ƙamshin, ya bi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa, sai ɗan mai ya taso a kai a kwalfe shi. Ruwan da ya rage a ƙasa, in wardi aka dafa, shi ne ruwan wardin da alhazai ke tsaraba da shi. Sana'ar tsohuwa ce, tun ƙarni na 9 Al-Kindi ya yi rubutu a kanta a Bagadaza. Abin da ke sa tsada shi ne yawan furen da tukunyar ke ci: lafanda sai an dafa sama da kilo 100 kafin a samu kilo ɗaya na mai, wardi kuwa tan 3 zuwa 4 ake tsinka da hannu, da sassafe, a Bulgeriya ko Turkiyya ko Ɗa'ifa. Shi ya sa in kika ga faranti an jera wardi da sandal da lemo da lafanda duk kuɗinsu ɗaya, kada ki ma buɗe. Man ɓawon lemo shi ne mai araha, na wardi ko a ƙasar da ake yin sa sai mai hali.

Ta tsakiyar nan, ta jaka biyu, ita ce ban amince da ita ba sai na gani. Ki ce ta turo miki hoton bayan kwalbar. Na gaske yana ɗauke da sunan tsiron da Latin, Lavandula angustifolia, da ƙasar da ya fito (yawanci Faransa ko Bulgeriya), da lambar haɗi, da ranar lalacewa. In kika ga an rubuta "lavandin", ɗan uwansa ne mai araha, ƙamshinsa ya fi kaifi yana fizgar kafur. In kika ga "parfum" ko "fragrance", madara ce ta sa kayan sallah. Kwalbar ta zama gilashi mai duhu, da ɗan marfin ciki mai sakin ɗigo ɗai-ɗai.

Akwai gwajin da nake yi, ba ya cin ko dala. Bara wata maƙwabciya ta kawo mini tata tana yabo. Na yago farar takarda, na ɗiga nata a gefe ɗaya, nawa a ɗaya gefen, na ajiye a kan taga. Washegari wurin nawa ya bushe tas, sai ɗan ƙamshi. Nata kuwa ya bar zobe mai maiƙo, irin wanda ƙosai ke bari a takarda. An tsinka shi da man girki ke nan. Gwajin ba ya kama kowane algus, kuma mai nauyi irin sandal yakan daɗe bai tashi ba, amma a kan lafanda da na'ana'a da lemo yana tona asiri.

Ki kuma duba inda aka ajiye kayan. Kwalbar da ta wuni a rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ko ta gaske ce ta fara canzawa, kuma man da ya tsufa shi ya fi sa ƙaiƙayi. Ki sayi mafi ƙanƙanta, mililita 5 ko 10, ki ɓoye ta a wuri mai duhu da sanyi.

To batun barcin. Ƙamshin lafanda yana kwantar wa wasu hankali, wasu kuma ko a jikinsu. Ɗigo biyu a hankici kusa da matashi ya isa. Masu talla na son ba da labarin René-Maurice Gattefossé, Bafaranshen da ya ƙone hannu a ɗakin gwajinsa a 1910 ya yi jinya da lafanda, wanda daga baya, a 1937, ya yaɗa kalmar aromaterapi, wato jinya da tataccen man tsirrai. Labarin yana da daɗi, amma bai ce ƴar kwalba za ta kayar da shayin da kike sha bayan isha'i ba, ko wayar da ke hannunki har ƙarfe ɗaya. Rage waɗannan tukuna na mako biyu. In har wata uku ya zama huɗu, ki ga likita kafin ki ba farmasi jaka shida.

Tambaya: Hajiya, yarona wata takwas gare shi, hunturu na shigowa hancinsa ke toshewa. Kakarsa ta ce in sayo man itacen turare in shafa masa a ƙirji da bakin hanci. Ƙarami zan saya ko babba? Maman Abba, Ali Ɗan Sofo.

Amsa: Ko ɗaya, ƴar uwa. Ki gaida mini Inna, ki ce na roƙe ta arziki. Ganyen itacen turaren da ta saba jefawa a ruwan zafi daban, man da aka tace daga buhu-buhun ganyen daban. Wannan man, da na na'ana'a, da kafur, ba a kai su kusa da fuskar jariri. Suna iya shaƙe masa numfashi, kafur kuma har jijjiga yana sa yaro. Man zafin da manya ke shafawa ma haka, duba bayansa za ki ga an rubuta shekarun da aka hana.

Abin da za ki saya a farmasi shi ne ruwan gishirin wanke hanci, mai ƴan ƙananan robobi. Ɗigo kaɗan a kowace ƙofa kafin ya sha nono, ki goge. In bakin hancin ya tsage saboda iska, ɗan man kaɗanya. Amma in ya soma numfashi da sauri, ko kika ga haƙarƙarinsa na lotsawa, ko zazzaɓi, ko ya ƙi nono, ba zancen mai ba ne, ki goya shi sai asibiti.

Da ke da duk mai irin kwalaben nan a ɗaki: yaro mai rarrafe ba ya raba su da sirop. Ƙasa da cokalin shayi na man itacen turare ya isa ya kwantar da shi. In tsautsayi ya faɗa, kada a sa masa yatsa ya yi amai, kada a tsaya ɗura madara ko manja. A ɗauki yaron da kwalbar tare, likita ya ga abin da ya sha.

Tambaya: Hajiya, barka da ƙoƙari. Gidan sauro yana hana ni shan iska. An ce man sitronel na korar sauro. In na saya wa iyalina za mu iya naɗe gidan sauron? Wani magidanci daga Madarunfa.

Amsa: Malam, kai da ke zaune bakin tabki kake wannan tambaya? Sitronel, man wata ciyawa mai ƙamshin lemon tsami, yana korar sauro, gaskiya ne, amma mai tashi ne, cikin awa ɗaya ko biyu ya bi iska. Sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro kuwa ɗan dare ne, aikinsa ya fi yawa daga tsakar dare har asuba, lokacin da kake minshari. Ka saye shi don hirar magariba a tsakar gida, a gauraya da man shafawa a sa a ƙafa da hannu, ban da jarirai. Gidan sauro ya zauna inda yake. Kuma in masu rabon maganin rigakafi na yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 suka zo ƙofarka daga Yuli zuwa Oktoba, a ba su dukkan kwana ukun kowane wata, kada a tsaya a na ranar farko.

Tambaya: Tanti, bikina ya kusa. Cikin kayan ɗaki ina so in sa na'urar nan mai fitar da hazon ƙamshi, wadda ake zuba wa ruwa da mai. Mamata ta ce ɓarnar kuɗi ce, kasko ya ishe ni. Kuma uwar mijina da za mu zauna gida ɗaya tana da asma. Amarya, Sura Bildi.

Amsa: Allah ya sanya alheri, ɗiyata. Ke da mamarki kowa ya riƙe rabin gaskiya. Na'urar ba ta hayaƙi, ba ta ƙona darduma, wannan nata ne. Amma tana son wutar lantarki, tana son ruwa mai tsabta, tana son wanki duk ƴan kwanaki, in ba haka ba ƙura da gansakuka su kama cikinta. Kuma kullum sai an ba ta tataccen mai, ba madara ba, don haka kuɗinta ba ya ƙarewa ranar saye.

Ni kuma ina jin haushin yadda muke raina namu. Ƙajijin da ake jiƙawa a turaren wuta, saiwar jema da kakanninmu ke jefawa a randa ruwa ya yi ƙamshi, ƙaron hano, waɗannan danginsu ne kamfanonin turare na Faransa ke saye da tsada. Jema ƴar uwar vetiver ce, hano ɗan gidansu lubban ne. Amaryar da ɗakinta ke tashin ƙajiji da sandal ba ta rasa komai ba.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne Hajiya uwar mijinki. Mai asma hayaƙin kasko na iya tayar mata da ciwo, hazon na'urar ma haka, don ƙamshi mai ƙarfi ko daga ina ya fito huhunta bai san bambanci ba. Ko wanne kika zaɓa, a ɗakinki kaɗai, taga a buɗe, minti 30 ki kashe. Garwashi kuwa ba a rufe ƙofa a kwana da shi ko don sanyin Janairu, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. In kuɗin sun yi kaɗan, bi maganar mama, ki ƙara a katifa.

Tambaya: Hajiya, mai saida mini ya ce in riƙa ɗiga man kanumfari a shayi, yana wanke ciki, kuma in sa a haƙorin da ke mini ciwo. Tela, Sabon Gari.

Amsa: Malam, kanumfari biyu ko uku a tukunyar shayi abinci ne, man da aka tace daga gare shi kuwa yana ƙona fata, balle ciki da hanta. Mai ba ya narkewa a ruwa, ɗigon zai yi ta yawo a sama har ya manne maka a maƙogwaro. Ko a Faransa, inda suka fi kowa son waɗannan mayuka, tun 2007 akwai kala 15 da doka ta hana kowa sayarwa sai mai farmasi.

Na haƙorin, na riga ka. Wata shekara na jiƙa auduga sharkaf da shi na danna a dasashi na kwanta. Ciwon ya lafa kam, amma da safe wurin ya yi fari fat ya saluɓe, kwana huɗu ko kunu sai ya huce nake sha, ramin haƙorin kuma yana nan yana jirana. Sinadarin da ke cikinsa, eugenol, likitocin haƙori ma suna aiki da shi, sai dai da awo. In dare ya yi maka, ɗigo ɗaya cikin cokalin shayi na man zaitun, ka taɓa a haƙorin kawai, gari na wayewa ka nemi likita.

Wannan awon ka riƙe shi ga kowane tataccen mai da zai taɓa jikin babba: ɗigo ɗaya ko biyu a cokalin shayi na man riɗi, ko zaitun, ko kwakwa, ko kaɗanya da aka narkar. Ka fara gwadawa a cikin gwiwar hannu ka kwana. Mai ciki kuma ta tambayi ungozomar asibiti kafin ta taɓa ko wanne.

Tambaya: Tanti, an ce man lemon tsami yana goge tabon ƙuraje ya sa haske. In zuba a man shafawata? Ɗaliba, jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo.

Amsa: Kada ki zuba, ɗiyata. Man da aka matso daga ɓawon lemon tsami ko bergamot (wani irin lemo), in rana ta same shi a fata, ƙuna yake yi ya bar baƙin tabon da ya fi na ƙurajen daɗewa. Ƙa'idarsa awa 12 ba a shiga rana bayan an shafa. Ke kuma ƙarfe takwas kina bayan kabu-kabu za ki aji.