Amsar Yaya kan zuwa babban cocin Kolon

Assalamu alaikum, mutanen gida, barkanmu da yamma. Yaya, na ji saƙonka tun da safe, ina wurin aiki ne shi ya sa sai yanzu. Ka ce in kun gama taronku a Dusseldorf ta Jamus za ka samu yini guda, abokan tafiyarka suna so a je Kolon a ga babban cocin nan, kana tambaya ko ya cancanci a kashe masa yinin, ga kuma maganar gwiwarka. Na kuma ji Baffa yana cewa me Musulmi zai je nema a coci. To bari in amsa duka, ku yi haƙuri, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Yaya, ka je. Don Allah ka je. Daga Dusseldorf kamar rabin awa ne a jirgin ƙasa, kuma ba sai ka nemi tasi ba, kana fitowa daga ƙofar babbar tashar Kolon ga shi nan a gabanka, baƙi ƙirin, ya tokare sama. 'Yan garin Dom kawai suke ce masa. Hasumiya biyu gare shi, kowacce mita 157. Ranar da na fara ganinsa tsayawa na yi cak da jakata a hannu, mutane na ta wuce ni.

Amma shekarun ne suka fi tsaya min a rai. A 1248 aka aza harsashinsa. Aka yi ta gini, kaka ya bar wa jika, jika ya bar wa nasa jikan, har kuɗi ya yanke, aiki ya tsaya. Wani ƙaton abin ɗaga dutse na katako da magina suka bari a kan hasumiyar kudu, nan ya zauna wajen shekara 400, har ya zama shi ne alamar garin. Sai a 1814 aka tsinci rabin tsohon zanen fuskar ginin a garin Darmstadt, ɗaya rabin kuma ya ɓullo a Paris a 1816. Da wannan zanen aka koma aiki a 1842, aka gama a 1880. Ka lissafa, shekara 632 ke nan. Wato wanda ya sassaƙa dutsen farko ya san ko jikansa ba zai ga hasumiyar nan a tsaye ba, amma ka je ka shafa dutsen ka ji irin gyaran da ya yi masa. Ni wannan yana taɓa ni ƙwarai.

Kuma kai da ka karanci gini a Zariya, za ka fi ni jin daɗin cikinsa. Ka tuna tsohon masallacin Juma'a na cikin birni, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, yadda bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke riƙe rufi, ke tasowa daga ginshiƙi ya je ya haɗu da ɗan'uwansa a sama? To irin tunanin ne, sai dai mu da ƙasa da azara, su da dutse. Nasu bakan mai tsini ne a ka, yana tattara nauyin rufi ya sauke shi kan ginshiƙai, sannan ta waje an yi wasu tokare kamar haƙarƙari suna riƙe ginin kada ya buɗe. Tunda bango ba shi ke ɗauke da kaya ba, sai suka fafe shi suka zuba gilas. Wannan salon shi ake kira Gotik. Daga ƙasa zuwa rufi ta ciki mita 43 ne. In ka shiga kada ka fara da waya. Ka samu benci ka zauna ko minti goma ne, ka ɗaga kai.

Ka yi ƙoƙari ka isa wajen tsakar rana. Akwai wata taga ta ɓangaren kudu da aka saka a 2007, aikin wani mai zane Gerhard Richter. Babu hoton kowa a jikinta, ƙananan gilasai ne masu kusurwa huɗu sama da 11,000, launi 72. In rana ta bugo ta, sai ka ga launuka sun zubo kan ginshiƙai da ƙasa har kan rigarka, kamar an baje atamfa. Can ciki kuma akwai wani babban akwati da aka lulluɓe da zinare da azurfa. Kiristoci sun yi imani abin da ke cikinsa ƙasusuwan mutanen nan uku ne da suka kai wa Annabi Isa, alaihis salam, ziyara yana jariri. Daga Milan ta Italiya aka kawo su a 1164, masu ziyara suka yi ta tururuwa, kuma saboda su ne ma aka tashi yin ginin.

Lokacin yaƙin duniya na biyu an ragargaza tsakiyar Kolon, shi kansa cocin bom ya same shi sau 14, amma bai faɗi ba. Za ka ga hotunan a shagunan kati na bakin filin.

Baffa, Allah ya ja kwana, na ji maganarka kuma na san kishin addini ne ya sa ka faɗa. Ni dai kallo ne ya kai ni, ba wanda ya ce in durƙusa ko in kunna kyandir, kuma yawancin waɗanda ke ciki ma baƙi ne daga ko'ina, wajen mutum miliyan 6 ke shiga a shekara. Akwai ma wani labari da zai ba ka mamaki. A watan Fabrairu na 1965, Turkawa ma'aikata da ke Kolon ba su da masallacin da zai ɗauke su, sai aka buɗe musu wani ɓangare na cocin nan, suka shimfiɗa dardumansu suka yi sallar Idi ta ƙaramar salla a ciki. Yanzu kuwa garin na da babban masallaci a unguwar Ehrenfeld, 'yan mintuna ne a jirgin cikin gari. Can Yaya zai yi azahar da la'asar.

Sai ladabin wurin, tunda ɗakin ibadar mutane ne. Maza ana so su cire hula, mayafin mata kuwa ba matsala. A yi magana ƙasa-ƙasa. In sun fara ibada, masu gadi masu jar riga za su tsayar da 'yan kallo, sai a ɗan jira. Ba sa barin babbar jaka, ka ajiye taka a ma'ajiyar tasha. A filin waje kuma ka riƙe walat da fasfo da kyau, duk inda taro yake akwai 'yan sane. Ka sa rigar sanyi, filin nan iska gare shi.

Za ka tarar da ƙarafan masu gyara a jikin wani gefe, kada ka ce an ɓata maka hoto. Kullum haka yake. Ruwa da hayaƙi na cin dutsen, shi ya sa ya yi baƙi, kuma akwai ma'aikata wajen 100 da ba su da wani aiki sai shi. 'Yan Kolon ma cewa suke ranar da aka gama Dom, ranar duniya za ta tashi.

Maganar hasumiya, Yaya, da wannan gwiwar kada ka hau. Matakala 533 ce, siririya, tana murɗawa, babu lif, kuma masu hawa da masu sauka a nan suke gogayya. Abokanka su biya su hau, za su ga ƙararrawar nan mai nauyin tan 24. Kai ka taka a hankali ka haye gadar jirgin ƙasa da ke bayan cocin, wadda masoya suka cika da kwaɗon kulle ƙofa, ka tsallake kogin Rayin. A can akwai wani dogon bene, KölnTriangle, lif zai kai ka har sama, ka ga cocin gaba ɗayansa da kogin a gabansa, abin da su da ke kan hasumiyar ba za su gani ba.

Goggo, na ga kin turo cewa a tuna da tsaraba. Turaren 4711 ɗan garin ne, akwai shagunansa a kusa da cocin. Yaya, ka turo min ranar da za ku gama taron. In ta faɗo Asabar zan taho daga Bon in tarye ku a tasha. A gaida su Anti da yara.